SHINGE MAI RAI DA INJIN ASKINSHI MAI BATIR



Kowa ya san ɓarnar da akuya guda take yi a cikin garka dare ɗaya. Salati da shu da tumatir na wahalar wata biyu, a wayi gari babu komi. Shi ya sa garka ba ta zama sai da shinge. Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani ko'ina cikin ƙasa. Garake suka yawaita, daga bakin kogin Yamai har Ƙonni da Galmi, har Madarunfa da Mirya. Kowace garka kuma tana neman shinge.

Shinge iri biyu ne. Akwai na ƙaya da kara. Wannan gara tana cinye shi, iska tana kada shi, kowace shekara sai an koma daji an saro wata ƙaya, daji yana ƙara ƙarewa. Akwai kuma shinge mai rai, wanda ake dasawa da bagaruwa, ko dakwara, ko magarya, ko jirga, ko lalle, ko aguwa. Shi sau ɗaya ake dasa shi. Amma yana da sharaɗi guda: sai ana yi mashi aski. In aka bar shi, kanshi ya yi sama, gindinshi ya buɗe, awaki su ratsa, inuwarshi ta danne shuka.

Yau za mu yi magana bisa wani inji da ake yin askin nan da shi. Za mu ga wanda ya kamata ya saye shi, da yadda ake zaɓe, da yadda ake kula da shi.

MI NE NE WANNAN INJI?

Almakashi ne mai aiki da batir. Yana da wuƙaƙe biyu dogaye masu haƙora, ɗaya bisa ɗaya. In aka latsa maɓalli, suna gaba da baya da sauri ƙwarai. Duk reshen da ya shiga tsakanin haƙoran ya yanke. Ba ya shan mai kamar babur. Ba ya jan waya a baya. Da Faransanci ana rubuta sunanshi TAILLE-HAIE a jikin kwali.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da mai batir tun 1962. Amma batiran lokacin suna da nauyi, ba su daɗewa. A 1991 aka fara sayar da batirin da ake kira Li-ion, irin wanda yake cikin wayar salula. Shi ne ya sa injin ya yi sauƙin ɗauka, ya yi ƙarfi.

Ku riƙe magana guda tun daga nan. Injin nan wanzami ne, ba masassaƙi ba ne. Sabon toho da ƙananan rassa yake yanka. Reshen da ya fi babban yatsa kauri, na adda ne ko na zarto.

WA YA KAMATA YA SAYE SHI?

Ba kowa ba. Kafin ka fidda kuɗɗinka, yi wa kanka tambayoyi huɗu.

1. Shingena mita nawa ne? Garka mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, kewayenta mita 100 ne. Shinge yana da fuska uku: ciki, da waje, da bisa. Ke nan askin mita 300 ne. Ga irin wannan, inji yana rage wahala sosai. Amma in shingen bai wuce mita 20 ko 30 ba, almakashin hannu da adda mai kaifi sun isa.

2. Wane icce ne a shingena? Lalle da jirga da sabon tohon magarya, inji yana askinsu lafiya. Tsohuwar bagaruwa da ta shekara uku ba a taɓa ta ba, ta fi ƙarfinshi. Sai an fara rage ta da adda, in ta yi sabon toho a sa mata inji. Aguwa da bini-da-zugu kuwa, kada a sa masu inji. Suna da ruwa mai danƙo. Inji yana watsa shi, yana liƙe wuƙa. Nonon aguwa kuma in ya shiga ido yana yin mugun lahani.

3. Ina zan yi caji? In babu wutar lantarki kusa, babu farantin hasken rana, injin ƙarfe ne kawai a rataye.

4. In ya lalace, ina zan samu batir da mai gyara?

Wanda ya samu amsa mai kyau ga huɗun nan, yana iya tafiya kasuwa. In mutum ɗaya bai iya ba, masu garaken da ke jere su haɗa kuɗɗi su sayi guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A birni kuma, gidaje da makarantu da ma'aikatu da yawa suna da shingen furanni. Saurayin da ya mallaki injin nan, ya iya aski mai kyau, ya samu sana'a.

LAMBOBI BIYAR A JIKIN KWALI

Mai kanti yana yabon hajarshi. Kai ka iya karatu, ka karanta da kanka. Ga lambobin da za ka nema.

Na ɗaya: harafin V. Shi ne ƙarfin batir. Mafi yawa ana rubuta 18 V. Wasu suna rubuta 20 V MAX, amma abu ɗaya ne da 18, suna ne ya bambanta. Wannan ya isa shingen gida da garka. Akwai mai 36 V ko 40 V. Ya fi ƙarfi, ya fi nauyi, ya fi tsada. Na mai sana'a ne.

Na biyu: harufan Ah. Shi ne yawan wutar da batir yake ɗauka, kamar girman tulu. Akwai 2 Ah, da 4 Ah, da 5 Ah. In kana so ka gwada batir biyu, ka ninka lambar V da lambar Ah. Misali: 18 sau 2, 36. 18 sau 4, 72. 36 sau 2, shi ma 72. Wanda jimlarshi ta fi yawa, shi ya fi ɗaukar wuta. Batir mai 18 V da 2 Ah yakan yi aikin rabin awa zuwa awa guda, gwargwadon taurin icce. Ƙananan batira biyu sun fi babba guda: ɗaya yana aiki, ɗaya yana hutawa.

Na uku: tsawon wuƙa, da santimita. Ana rubuta cm. Wuƙa mai 45 zuwa 55 ta dace da yawancin shinge. Mai 60 ko fiye ta fi sauri, amma tana gajiyar da hannu, kuma ta fi saurin lanƙwashewa.

Na huɗu: tazarar haƙora, da milimita. Ana rubuta mm. Wannan lambar ita ce ta fi muhimmanci ga itatuwanmu masu tauri. Mai 15 ko 16 na furanni ne. Ga shingen garka a nemi mai 20 zuwa sama. Amma a lura: ko da reshe ya shiga tsakanin haƙora, in busasshe ne mai tauri, inji ba ya iya shi. Lambar tana nufin ɗanyen reshe mai taushi.

Na biyar: nauyi, da kilo. Yawanci tsakanin kilo 2 da rabi ne da kilo 4. Kilo 4 ba komi ba ne a ƙasa. Amma ka riƙe shi daidai kafaɗa minti ashirin, ka ji yadda yake. Ka tambaya ko nauyin da aka rubuta har da batir.

Akwai kuma wata kalma da ake gani a wasu: SANS CHARBON ko BRUSHLESS. Ma'anarta babu gawayin da ke gogewa a cikin injin. Irin wannan ya fi tsada, amma ya fi tattalin batir, ya fi daɗewa.

A GABAN MAI KANTI

Araha ba ta ado. Kada ka biya sai ka duba waɗannan.

A buɗe kwali a gabanka. Sau da yawa ana sayar da inji shi kaɗai, babu batir, babu caja. In ka ga an rubuta SANS BATTERIE ko SOLO, kuɗɗin bai ƙare ba. A gaya maka kuɗɗin ukun a haɗe.

Yawanci batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Na Makita dabam, na Bosch dabam, na Stihl dabam. Ka zaga kasuwa, ka ga wane iri ne magina da kafintoci suke aiki da shi a garinku. Ka sayi wanda batirinshi yake samuwa kusa.

Ka yi hattara da jabu. In ka ga ƙaramin batir an rubuta mashi 88 V ko 128 V, lambar talla ce kawai. Batir mai wannan girman bai wuce 18 zuwa 21 ba. Ka kuma auna da hannu. Batir mai 5 Ah na gaskiya ya kusa ninka mai 2 Ah nauyi. In an rubuta babbar lamba amma ba shi da nauyi, ka ajiye shi.

Ka duba bayan caja. Wutar ƙasarmu 220 V ce. Kayan hannu da suka fito daga Amurka, cajarsu sau da yawa ta 110 ko 120 V ce. In aka sa ta a wutarmu, nan take ta ƙone. A nemi wadda aka rubuta 220-240 V, ko 100-240 V. In na hannu ne, ka duba batirin ma. A nemi rubutun Li-ion. Mai rubutun Ni-Cd tsohon yayi ne.

Ka gwada maɓallai. Inji na ƙwarai yana da biyu, ɗaya a kowane mariƙi. Ba ya tashi sai an latsa su tare. In aka saki ɗaya, wuƙa ta tsaya nan da nan. An yi haka domin hannu biyu su zama nesa da haƙora. Kada ka yarda kowa ya ɗaure maɓalli guda da roba don sauƙi.

A ƙarshe, ka karɓi kuben wuƙa, da takardar bayani, da takardar shaidar saye.

YADDA AKE ASKI

Kafin a fara, a zaga shinge da sanda. A duba waya, da ƙarfe, da dutse, da tsohon turke. Waya guda ta isa ta karya haƙori. A buga shingen domin maciji ya fita. A duba gidan rina da na zuma. A kori yara da dabbobi nesa.

Mai aski ya sa tabarau, da safar hannu mai kauri, da takalmi rufaffe. Ƙaya tana tsalle. Kada a yi aiki da babbar riga ko rawani mai jela. Kada a hau turmi ko jarka da inji a hannu. Kada a yi aski cikin ruwan sama, ko ganye yana jiƙe. Da safe bayan raɓa ta bushe, ko da la'asar, shi ne lokaci.

A kafa turaku biyu, a ja igiya daidai tsayin da ake so. Mita ɗaya da rabi ya isa. A fara da gefe, daga ƙasa zuwa sama. Sannan a yi bisa. A riƙa cin kaɗan kaɗan, kamar taƙi guda kowane zagaye.

Siffar shinge ita ce babbar magana. Gindi ya fi kai faɗi. Misali, gindi santimita 80, kai santimita 50. Domin mi? Domin rana ta kai ga rassan ƙasa. In kai ya fi faɗi, ya rufe gindi, ganyen ƙasa ya zube, ƙofa ta buɗe wa awaki.

Da damina icce yana toho da sauri. A yi aski sau biyu ko uku. A ƙara ɗaya da shigowar ɗari, lokacin da ake shirya fangali. Da bazara, shingen da ba ya samun ruwa, a bar shi ya huta. Yawan aski shi ne sauƙin inji, don kullum toho mai taushi yake samu.

In reshe ya maƙale a haƙora, a saki maɓalli, A CIRE BATIR, sannan a fidda reshen da tsinke. Ba da yatsa ba. Wanda ya yanke, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗaure, a tafi likita ran nan.

Abin da aka aske ba shara ba ne. Ƙaya a cusa ta inda gindi ya buɗe. Lalle kuwa, a shimfiɗa buhu tun kafin a fara, a tara ganyen, a shanya a inuwa.

KULA DA WUƘA

Bayan kowane aiki, a cire batir, a yi abu uku.

A share. Ƙaro da ruwan icce suna bushewa a haƙora, su sa wuƙaƙe su yi nauyi. A goge da buroshi, sannan da tsumma da ɗan kananzir. Kada a wanke inji da ruwa.

A sa mai. Ɗigo kaɗan na man keken ɗinki, ko sabon man inji, a bi tsawon wuƙa. A tada injin ɗan lokaci don man ya ratsa, a sake cire batir, a goge ragowar. Mai da yawa yana kama yashi, yashi kuma yana cin ƙarfe. Baƙin man da aka juye daga mota bai dace ba. In za a tara ganye don dabbobi ko don sayarwa, a goge wuƙa tas kafin a fara.

A maida kube.

Ta yaya za a san wuƙa ta dushe? Bakin reshe zai fito a tattaune, ba a yanke sumul ba. Rassa su riƙa maƙalewa. Batir ya riƙa ƙarewa da wuri. Kamar bayan awa 50 na aiki wuƙa tana son washi. Ana yin shi da magagari mai faɗi. A bi gangaren da haƙori ya zo da shi. A tura magagari gefe guda, wajen kaifi, sau uku ko huɗu ga kowane haƙori. Kada a ci ƙarfe da yawa. In maƙeri ne zai yi, a gaya mashi kada ya sa ta a wuta, kada ya buge ta da guduma.

A jikin inji akwai ƙananan ƙofofin shan iska. Ƙurar hunturu tana toshe su, inji ya yi zafi. A share su da busasshen buroshi. A riƙa duba kusoshi, wanda ya kwance a ɗaure.

KULA DA BATIR

Batir shi ne ran inji, kuma yana cin babban rabo na kuɗɗin. Babban maƙiyinshi zafi ne. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40 a inuwa. Batirin Li-ion kuwa ba ya son caji in zafi ya wuce 40 zuwa 45. Saboda haka:

1. Kada a bar batir a rana, ko cikin mota, ko ƙarƙashin rufin kwano.
2. In ya fito daga aiki da zafi, a bar shi ya huce rabin awa kafin caji.
3. Da bazara a yi caji da sassafe ko da magariba.
4. A aza caja bisa siminti ko bulo. Ba bisa katifa ko tabarma ba, ba kusa da rumbu ko harawa ba. Kada a rufe ta da zane.
5. In ya cika, a cire shi. Kada a kwana ana caji kowa yana barci.
6. In inji ya fara rage ƙarfi, a tsaya. Kada a matse batir sai ya mutu ƙurmus.
7. Kada a sa shi aljihu ɗaya da makulli, ko ƙusa, ko kuɗɗin ƙarfe. In ƙarfe ya haɗa bakunanshi, yana iya kama wuta.

Masu farantin hasken rana su sani: ba a haɗa cajar nan kai tsaye da faranti, ko da batirin mota. Sai an bi ta akwatin da ke maida wutar 12 V ta zama 220 V. A sa wanda ya san aikin ya haɗa.

In za a ajiye inji wata da watanni, a raba shi da batir. Kada batirin ya zama cike, kada ya zama wayam. Rabi shi ne daidai: in yana da fitilu huɗu, biyu su kama. A sa shi cikin busasshiyar tukunyar ƙasa, a ɗakin laka mai sanyi. Duk wata biyu ko uku a duba, in ya ragu a ƙara mashi kaɗan. Injin kuwa a sa shi cikin buhu, a ɗaure baki, a rataye. Ta haka zanzaro ba ya gini a ƙofofin iska, ɓera ba ya cin wayar caja, yara ba su kai gare shi.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yana wani wari, ya gama aiki. Kada a sake sa shi caji. A fidda shi waje, a aza bisa yashi, nesa da ɗaki. Kada a fasa shi. Kada a jefa shi wuta, ko rijiya, ko masai. Kada a bar wa yara su yi wasa da shi. A kai wa masu gyaran kayan lantarki.

IN INJIN NA ƘUNGIYA NE

Kayan kowa, ba na kowa ba ne, sai an sa mashi mai shi. A zaɓi mutum ɗaya ya riƙe injin. A ba shi littafi. Ya rubuta rana, da sunan wanda ya ara, da awa nawa aka yi, da halin da injin ya dawo. Daga littafin nan ake sanin ranar washi. Kowane mai aro ya zuba ɗan abu a asusu. Kowane batir yana tsufa, ko an kula da shi. Ranar da ya gaza, kuɗɗin sabo suna nan a ajiye.

Wanda bai dasa shinge ba tukuna, daga nan zai fara. Ya tuntuɓi ma'aikacin gandun daji ko malamin gona na yankinshi tun da rani, a shirya iri kafin ruwa ya sauka. Wanda ya dasa, ya auna shingenshi da taki ko da igiya, ya amsa tambayoyin nan huɗu. In zai tafi kasuwa, ya tafi da takardar nan a aljihu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana garakenmu.